Komawa Injin Aski Mai Gangar Wuƙaƙe: Jagora Ga Mai Son Gajeriyar Ciyawa a Gida

Duk wanda ya daɗe yana aske ciyawar gidansa da injin nan mai farfela ya san inda ƙarfinsa ya ƙare. Za ka sauke shi har mataki na ƙarshe, ka tura, ka waiwayo sai ka tarar da tabo-tabon ƙasa a duk inda farfelar ta ci karo da tudu. Bayan kwana biyu kuma bakin ganye ya bushe ya yi fari-fari, filin ya dusashe. Ba sakacinka ba ne, haka ƙirar injin take. Farfela doguwar wuƙa ce da ke juyawa a kwance, wajen sau 3,000 a minti ɗaya, tana sarar ganye kamar adda. Daga santimita 4 zuwa sama ba ta da laifi. Da an gangaro ƙasa da milimita 25, sai ta koma yagar ganye da kwarzar ƙasa.

Injin mai ganga kuwa datsa yake yi irin na almakashi. Gangar ƙarfe ce da aka jera wa wuƙaƙe a karkace, tana juyawa daf da wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ba ta motsi, wadda za mu riƙa kira wuƙar ƙasa. Ganye na shiga tsakaninsu ake datse shi, ba yaga ba tauna, shi ya sa raunin ke warkewa da wuri kuma filin ke riƙe korensa. Wannan ma shi ne asalin injin aske ciyawa. Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1830, bayan ya lura da wata na'ura da masaƙun yankinsu ke aske gashin yadin ulu da ita. A 1902 kamfanin Ransomes ya fito da mai amfani da fetur. Har yau irinsa ake aske filayen wasan golf da na wasan kurket da shi.

Amma ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko: sayen injin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Injin mai ganga ba ya gyara fili, asirin fili yake tonawa. Duk wani rami, duk wani tudu, duk ranar da ka tsallake aski, sai ya nuna maka su ƙarara. Saboda haka matakan da ke tafe sun fi maganar ƙasa da lokaci a kan maganar ƙarfe, kuma jerinsu yana da dalili.

Mataki na farko: tambayoyi uku kafin ka taɓa aljihu

Ta farko lokacinka. Akwai ƙa'ida guda da duk masu kula da ciyawa suka yarda da ita, cewa kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski ɗaya. Yi lissafin da kanka. Mai barin ciyawarsa a milimita 40 zai jira ta kai 60 kafin ya aske, wato yana da sararin milimita 20. Mai son ta tsaya a 12 dole ya aske da ta kai 18, sararinsa milimita 6 kacal. A ce ciyawarka na ƙara milimita 3 kowace rana a tsakiyar lokacin girmanta, na farkon yana da kusan mako guda, na biyun kwana biyu. Ashe gajeriyar ciyawa na nufin aski sau biyu ko uku a mako, wani lokaci fiye. In ka san aikinka da tafiye-tafiyenka ba za su bari ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ciyawa mai santimita 4 da ake kula da ita ta fi gajeriyar da ake yi wa aski sai an tuna.

Ta biyu irin ciyawar. Waɗanda ke jure gajeren aski su ne masu yaɗo, masu ajiye idon tsironsu daf da ƙasa. A wurare masu zafi, kan gaba ita ce ciyawar Bamuda, wato kirikiri, musamman ire-irenta da aka inganta kamar Tifway 419, wadda ta fito daga cibiyar bincike ta Tifton a jihar Jojiya ta Amurka a 1960. Zoysia mai siririn ganye da paspalum na bakin teku su ma suna yi. A wurare masu sanyi akwai Agrostis mai yaɗo, sai Lolium perenne da Poa pratensis waɗanda ke jurewa in an bi su a hankali. Ciyawar St. Augustine da Festuca mai dogon ganye ba na wannan harka ba ne. Ta farkon yaɗonta kauri gare shi kuma a saman ƙasa yake kwance, in ka sauke wuƙa shi za ka yanke. Ta biyun tsiro take yi dunƙule-dunƙule, in an gajarta ta sai ta yi ta mutuwa tana barin gurabe.

Ta uku rana. Ganye shi ne ke kama hasken da tsiro ke haɗa abincinsa da shi, in ka gajarta shi ka rage masa hanyar samu. Bamuda na son rana kai tsaye aƙalla awa 6 a yini. Gindin bishiya da gefen bangon da ke tare rana ba za su ɗauki gajeren aski ba. Ko ka bar ciyawar wurin da tsayi, ko ka shuka wani abin dabam.

Mataki na biyu: tsayar da tsayin da kake so

Shawarata ga mai farawa ita ce milimita 15 zuwa 20 a shekarar farko. A wannan tsayin ciyawa na yin kauri da santsi, ana ganin bambanci da askin farfela tun daga nesa, kuma tana yafe ƙananan kurakurai. Kada ka sa wa ranka abin da kake gani a kewayen ramin golf. Can ana askewa a milimita 3 zuwa 4, kusan kullum, a kan ƙasar da aka gina da yashi da magudanan ruwa a ƙarƙashi, ga ma'aikatan da ba su da wani aiki sai shi. In shekara ta zagayo fili ya zauna, kana iya gangarawa 12 ko 10. Wannan tsayin da ka zaɓa shi zai faɗa maka irin injin da za ka nema, don haka ka tsayar da shi tun yanzu.

Mataki na uku: daidaita ƙasa

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Injin mai ganga galibi a kan rola biyu yake tafiya, wato dogayen gangunan da ke gungurawa a maimakon taya, ɗaya gaba ɗaya baya, wuƙa na tsakaninsu. In rolar gaba ta faɗa rami, wuƙa ta nutse ta ci ƙasa. In tudu ya shigo tsakanin rololin, wuƙa ta fille kansa. Gargadar da doguwar ciyawa ke rufewa, a milimita 15 ba abin da zai rufe ta.

Fara da sanin filin. Sauke tsohon injinka zuwa ƙarshe ka aske, ka kwashe duk abin da ya zuba. Sa'an nan ka samo miƙaƙƙen katako ko ƙarfe mai tsawon mita 2 zuwa 3, ka riƙa kwantar da shi wuri-wuri kana duba inda haske ke ɓullowa ta ƙarƙashinsa. Bayan ruwan sama ko ban ruwa mai yawa, ka lura da inda ruwa ke kwanciya. Yi wa wuraren alama. Kana cikin haka ka tsince duwatsu, guntayen ƙarfe, ƙusoshi da itace, domin tsakuwa ɗaya tak ta isa ta lanƙwasa wuƙar ganga. In akwai kawunan fesa ruwa da aka binne, a sauke su su yi daidai da ƙasa.

Ramin da ya wuce santimita 3 ko 4 ba a cika shi ta sama. Yanka ciyawar wurin da shebur, ka ɗaga ta da saiwarta, ka zuba ƙasa a ƙarƙashi, ka daddanna, ka mayar da ita. Tudu ma haka, ka ɗaga ciyawar ka rage ƙasar da ke ƙasanta.

Sauran ƙananan gargada da yashi ake gyara su. Nemi wankakken yashi mai matsakaicin tsaba, wanda aka tankaɗe, ba tsakuwa ba laka. Yashi aka fi so domin ba ya ruɓewa balle ya lotsa daga baya, kuma yana gangarawa cikin rami da kansa. Lissafinsa ba wuya: fili mai murabba'in mita 100, in za a shimfiɗa masa kaurin santimita 1, yana cin mita ɗaya ta kowace fuska, tsawo da faɗi da zurfi, wato kimanin tan ɗaya da rabi. Ka zuzzuba shi tsibi-tsibi da baro, ka baje da bayan manjagara, sa'an nan ka ja wani faffaɗan abu mai nauyi a kai, ko ƙarfen daidaita fili ko tsani a kwance, ta tsaye da ta kwance da ta karkace. Faɗin abin jan shi ne sirrin, domin kunkuntar manjagara bin rami take yi, faffaɗan abu kuwa yana hawa kan tudu biyu ya zubar da yashi a tsakaninsu.

Sharuɗɗa biyu ne ba a karya su. Kada ka binne ciyawa, ka tabbata kan ganye na leƙowa ta cikin yashin, wanda ke nufin kada kauri ya wuce santimita ɗaya a zubi guda. Kuma kada ka yi aikin sai ciyawa na tsakiyar girmanta, lokacin da za ta iya huda yashin ta fito cikin mako biyu zuwa uku. In ka zuba mata tana barci saboda sanyi ko fari, kashe ta za ka yi. Bayan zubi ka yi ban ruwa sosai yashin ya zauna. Ka kuma sa a ranka cewa zubi ɗaya ba ya gama aiki. Yawancin filaye sai an maimaita sau biyu ko uku, wani lokaci a shekaru biyu, kafin su kwanta yadda ake so.

Muddin yashi na saman ganye, da tsohon injin mai farfela za ka riƙa aski. Yashi na dakushe wuƙar ganga cikin fita ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake cewa kada ka sayar da tsohon injinka. Wani dalilin shi ne ganga ba ta iya doguwar ciyawa ba: dogon kara kwantawa yake yi a ƙarƙashin rola, injin na wucewa ya miƙe abinsa. Duk sanda ka yi tafiya ka dawo ciyawa ta yi tsawo, mai farfela ne zai fara sauke ta.

Mataki na huɗu: zaɓen inji

Kusan gida uku suke. Akwai waɗanda aka yi don gidaje, irin su McLane, Tru-Cut da California Trimmer na Amurka, masu sauƙin gyara, waɗanda suka fi jin daɗin aiki daga wajen milimita 12 zuwa sama. Akwai masu gangar da ake zarewa a sa wani kayan aiki a gurbinta, kamar na tsefe matacciyar ciyawa ko buroshi, irin su Allett na Ingila da Swardman na ƙasar Cek, kuma ana samun na fetur da na batir. Sai injunan filin golf, irin su Toro Greensmaster da na John Deere da Jacobsen, waɗanda mutane kan saya na hannu. Waɗannan su suka fi kowa iya aski, amma nauyinsu na kai kilo 100, kuma da yawansu an yi su ne don aski ƙasa ƙwarai, ta yadda sai an canja musu wasu sassa kafin su kai milimita 20. Ka tambayi iyakar tsayin injin ta sama da ta ƙasa kafin komai, ka ga ko tsayin da ka zaɓa ya faɗo a tsakiya.

Yawan wuƙaƙen ganga ba ado ba ne, kuma mai yawa ba shi ne mafi kyau ba. Abin dubawa shi ne tazarar da injin ke ci gaba tsakanin datsar wuƙa ɗaya da ta bayanta. A ce injin na tafiyar santimita 10 kafin ganga ta kammala juyi ɗaya. In wuƙa 5 gare ta, tazarar milimita 20 ke nan, in 10 ce kuwa milimita 10. Ana so tazarar ta yi kusan daidai da tsayin askin. In ta fi shi yawa, sai ka ga filin ya yi tudu-tudu a jere kamar ƙananan kunyoyi. In ta yi ƙanƙanta da yawa, wuƙaƙen kan yi ta kaɗa dogon ganye gaba ba su kama shi ba, su bar tsirarun da ba a yanke ba. A taƙaice wuƙa 5 zuwa 7 sun dace da milimita 15 zuwa sama, 8 zuwa 10 da abin da ya yi ƙasa da haka, 11 zuwa 14 kuwa na masu askin golf ne.

Ka nemi mai rola a gaba, ba ƙananan tayoyi ba. Taya na faɗawa kowane ɗan rami, rola kuwa faɗinta na tsallake shi. Wasu injunan gida da tayoyi suke zuwa amma ana iya sa musu rola, kuma kuɗin da ya cancanci kashewa ne. Rola mai santsi ta fi tausayin fili sabon shiga. Mai tsaga-tsaga tana nutsewa cikin ciyawa mai kauri ta ba da aski mai zurfi, ta fi dacewa bayan fili ya cika. Rolar baya mai nauyi ita ce ke kwantar da ganye ta fito da ratsin haske da duhu da ake sha'awa.

Faɗin yanka yakan kama daga santimita 43 zuwa 66. Ƙaramin fili mai lungu da kwana ya fi son kunkuntar, kuma kunkuntar ta fi bin ƙasar da ba ta gama daidaita ba. Fetur ko batir kuwa, askinsu ɗaya ne. Na batir ba ƙara ba hayaƙi, abin da ke da amfani ga mai fitowa sau uku a mako da sassafe. Na fetur ba ya gajiya a babban fili.

In na hannu za ka saya, juya gangar a hankali da safar hannu ka duba kowace wuƙa, ko akwai lanƙwasa ko tsagewa. Girgiza gangar sama da ƙasa, in tana motsi boris ya mutu, kuma ganga mai mataccen boris ba ta saituwa. Duba yawan ƙarfen da ya rage a wuƙaƙen, domin kowane wasawa cin su yake yi. Abu na ƙarshe, wanda mutane ke mantawa: ka tabbatar za ka iya samun wuƙar ƙasa, bel, sarƙa da boris na wannan injin, da kuma wanda ke da na'urar wasa ganga a inda za ka iya kaiwa.

Mataki na biyar: saiti

Kafin hannunka ya kusanci ganga, cire hular fulogi ko ka zare batir, ka sa safar hannu mai kauri. Ko injin a kashe yake, ganga in ta juya tana iya datse yatsa.

Saiti biyu ne, kuma na haɗuwar wuƙa ake fara yi. A kowane gefen injin akwai noti ko maɓalli da ke matso da wuƙar ƙasa kusa da ganga, ko ganga kusa da ita. Yanko siraran takarda, ka sa ɗaya a tsaye a bakin wuƙar ƙasa, ka juya gangar a hankali. In saiti ya yi, za ta yanke takardar tsaf. In ta lanƙwasa ta ko ta tauna, matsa notin kaɗan, kaɗan ƙwarai, ka sake gwadawa. Gwada a gefen hagu, tsakiya da dama, kuma da wuƙa fiye da ɗaya. Abin da ake nema shi ne shafa mai sauƙi, ganga na juyawa ba tirjiya, da ɗan sautin shuu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure wuƙa tamau don ta yanka dole. Hakan na ɗumama ƙarfe, ya cinye baki, ya wahalar da injin, ya bar wuƙar ƙasa da lotsa-lotsa. In sai ka matse sosai take yanka, to kaifi ne babu, ba saiti ba.

Na biyu tsayin aski. Kada ka dogara da lambobin da ke jikin injin. Kishingiɗar da shi yadda takardar masu ƙera shi ta ce, don kada mai ya malala inda bai kamata ba. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ya taɓa rolar gaba da ta baya, ka auna daga ƙarfen zuwa bakin wuƙar ƙasa. Wannan tazarar ce tsayin askinka. Auna hagu, auna dama, su zo ɗaya, domin bambancin milimita ɗaya ma yana fitowa a fili a matsayin layi tsakanin zuwa da dawowa. Ka kuma sani abin da ka auna a kan siminti ba lallai ya zama abin da za ka gani a ciyawa ba. Inji mai nauyi na nutsewa cikin taushin fili ya yanka ƙasa da yadda aka saita shi, shi ya sa ya fi kyau ka fara da ɗan sama, ka gwada a wani lungu, sa'an nan ka sauke.

Mataki na shida: sauko da ciyawar

Ganyen ciyawa a samanta yake, ƙasanta kara ne ruwan ƙasa. Ciyawar da ta saba da milimita 40, in ka yanke ta a 15 za ka tarar ba ganye ko ɗaya. Hanyar magance wannan ta danganta da irin ciyawar.

Ga Bamuda da Zoysia, ana yi musu askin ƙwal-kwabo ne sau ɗaya a farkon lokacin girma, kuma a yi shi ƙasa da tsayin da ake so. Mai neman 15 ya sauke zuwa wajen 10, mataki-mataki a rana ɗaya ko biyu, yana kwashe tarkacen duka. Daga nan ya ɗaga injin zuwa 15 ya bar shi nan. Hikimar ita ce sabon ganye ya tsiro daga ƙasa da inda wuƙa za ta riƙa wucewa, ta yadda kowane aski kan ganye kawai zai taɓa. In ka tsaya a 15 tun farko, kullum a kan kara za ka riƙa yanka, filin ba zai daina ja ba. Zai yi muni na mako biyu zuwa uku, kada hankalinka ya tashi. Ba shi ruwa da ɗan taki, zai dawo da kauri fiye da da. Zoysia ta fi Bamuda jinkirin farfaɗowa, a yi mata da sauƙi. Wannan lokacin kuma shi ne mafi dacewa da zuba yashi, tunda ƙasa a buɗe take.

Ga ciyawar wurare masu sanyi ba a yin haka. Ana rage milimita 3 zuwa 5 ne, a yi aski biyu ko uku a wannan tsayin, a sake ragewa, har a kai inda ake so cikin wata ɗaya ko biyu. A yi shi lokacin da yanayi ke da sanyi-sanyi da danshi, ba a tsakiyar zafi ba.

Mataki na bakwai: askin yau da kullum

Zagaya filin da ido kafin ka tayar da injin, kowace rana, ka tsince abin da iska ko yara suka yar. Yi tafiya a miƙe da gudu ɗaya, kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi. In ka kai ƙarshe, saki kuloci, danna hannun injin ƙasa gaba ya ɗaga, ka juya a hankali a kan rolar baya. Juyi da sauri na murje ciyawa, kuma tunda a wuri ɗaya ake yawan juyawa, nan ne ke fara mutuwa. In ka gama layuka, sai ka zagaye gefen filin sau ɗaya ka share sawun juyin.

Canja fuska a kowane aski, yau gabas da yamma, gobe kudu da arewa, jibi a karkace. In ba haka ba ciyawa za ta kwanta gefe guda, rola kuma ta yi wa ƙasa hanya. Ɗan raɓa ba ya hana aski, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa na hanawa, domin injin zai nutse ya bar sawu. Jikin bango da gefen dakali ganga ba ta kaiwa, sai da na'urar gyaran gefe ko almakashin lambu. Abin da aka aske kuwa, in aski na bin ƙa'ida gutsattsarin ƙanana ne, za ka iya barinsu su koma taki. In suna taruwa dunƙule-dunƙule, sa kwandon tara su.

Mataki na takwas: ruwa, taki da tarkace

Gajeren ganye na tafiya da gajeriyar saiwa, saboda haka fili zai fi saurin jin ƙishi. Kimanin milimita 25 na ruwa a mako, har da na sama, shi ne ma'aunin farawa, a raba shi biyu ko uku, a ba da shi da asuba. Yayyafin kowane yamma na barin ganye a jiƙe dare guda, cutar fumfuna kuma haka take so.

Taki kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa lokaci guda, domin mai yawa na sa ciyawa ta yi tsalle ta fi ƙarfin jadawalin askinka. Giram 2 da rabi na naitirojin a kowane murabba'in mita a wata ya isa farawa. In yuriya ce, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, rabin kilo da ɗan ɗori ke nan ga murabba'in mita 100, a bi ta da ruwa nan take don kada ta ƙona ganye. Zaɓi taki mai ƙananan tsaba ko na fesawa, manyan tsaba a saman gajeriyar ciyawa suke zama injin ya kwashe su. In kore kake so ba tsawo ba, sinadarin ƙarfe na fesawa na ba da shi. Akwai kuma maganin rage girma mai suna trinexapac-ethyl, wanda ke rage miƙewar ganye sama ya rage yawan aski. Yana aiki, amma ka bar shi sai ka ƙware da awon feshi, kuma ka bi abin da aka rubuta a jikinsa sau da ƙafa.

Ciyawa mai yaɗo na tara matattun kara da saiwa tsakanin ganye da ƙasa. In tarin ya yi kauri, fili zai yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, injin ya riƙa nutsewa yana cin kara a wuraren da da ba ya ci. Sau ɗaya ko biyu a lokacin girma, a tsefe shi da na'ura mai wuƙaƙe a tsaye, a kwashe, a bi da ɗan yashi. Bamuda in ta kumbura a tsakiyar shekara, a sake mata ƙwal-kwabo mai sauƙi, muddin akwai sauran makonnin girma da za ta farfaɗo a ciki.

Mataki na tara: riƙe kaifi

Bayan kowane aski share ciyawar da ta maƙale, in ka wanke da ruwa ka bari ya bushe ka shafa ɗan mai a bakin wuƙa saboda tsatsa. Giris a wuraren da aka tanada, sarƙa da bel a duba su. Gwajin takarda kuwa ka mayar da shi al'ada kafin fita, minti biyu ne.

In saiti mai sauƙi ya daina yanka takarda, lokacin wasawa ya yi. Ƙaramar wasawa a gida ake yinta: ana juya gangar da baya, da abin juyi na hannu ko na'urar huda ko tsarin da injin ya zo da shi, ana shafa mata kwaɓin wasawa mai yashi-yashi da buroshi mai dogon hannu. Mai lamba 120 ya dace da yawancin injunan gida, ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi. Za ka ji ƙarar gurza da farko, tana raguwa yayin da bakunan ke daidaita. Bayan 'yan mintuna ka tsaya, ka wanke kwaɓin tas, domin wanda ya rage zai ci gaba da cin baki in ganga ta koma juyin gaba. Sa'an nan ka sake saiti da takarda. Kada ka taɓa shafa kwaɓin da hannu ko tsumma ganga na juyawa.

Wannan na dawo da bakin da ya ɗan dakushe ne kawai. In wuƙa ta ci dutse, ko ganga na yanka a gefe ɗaya ta ƙi ɗayan duk yadda ka saita, sai an kai ta ga mai na'urar wasa ganga, kuma galibi a lokacin ake canja wuƙar ƙasa.

Filin da kansa zai riƙa faɗa maka halin da injin ke ciki. Tsinko ganye kaɗan washegarin aski ka duba bakinsu. In a datse yake tsaf, komai lafiya. In ya yi zare-zare ya yi fari, kaifi ko saiti ne. Siririn layin doguwar ciyawa da ke bin injin a wuri ɗaya na nuna tabo a wuƙar ƙasa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tsayin hagu da dama ne suka saɓa. Jan tabo a wuri ɗaya kullum tudu ne, ka yi masa alama har lokacin yashi na gaba. In kuwa jan ya bazu ko'ina bayan aski, ko ka makara da askin ko tarkace ya taru a ƙasa, sai ka ɗaga injin milimita 2 ko 3 har fili ya huce, kafin ka tsefe shi.